Kwana Uku Baba Yana Kiran Ƙanwata, Na Ɓoye Mata

Ina gaida ma'aikatan wannan mujalla da duk wanda wasiƙata za ta faɗo hannunsa. Ina roƙo a sakaya sunana, domin wadda na yi wa laifin ita ce ta yarje mini in rubuta, da sharaɗin kada a ambaci sunan kowa.

A lokacin da abin ya faru shekarata talatin da takwas. Ni tela ce a garin Gaya, ina da ɗan shago a bakin hanyar da manyan motoci ke jeruwa kafin su haye gada zuwa Benin. Ni Kirista ce, ƴar Kirista, a garin da ba mu da yawa, don haka kowa ya san kowa a majami'armu. An san ni da haƙuri. Ni ce ta farkon zuwa shara ranar Asabar, ni ce ta ƙarshen tashi daga wanke-wanke in an yi biki. Maƙwabtana Musulmi da ke kawo mini ɗinkin salla sukan ce ba su taɓa jin muryata ta tashi ba. Abin da ba wanda ya sani, ni kaina ban yarda na gaya wa kaina ba, shi ne akwai mutum ɗaya a duniya da in aka yabe ta a gabana sai in ji kamar an zuba mini garwashi a ciki. Wannan mutum kuwa ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mu biyu ne kawai muka rayu a ɗakin mahaifiyarmu, shekara goma ce tsakaninmu. Ina da shekara goma sha huɗu Inna ta rasu, ta bar ƙanwar tawa, Auta, tana da huɗu. A lokacin ina lakkwal, wato makarantar boko, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa wuce ta uku a ajinmu ba. Baba kafinta ne, mutumin wani ƙauye a wajen Dioundiou, ya karɓi bangaskiya tun yana saurayi, kuma ya ƙi sake aure. Wata safiya ya kira ni, ya ce in yi haƙuri in ajiye littafi, ba mai riƙe yarinyar sai ni. Mushenmu, malamin ajinmu, ya zo har gida sau biyu yana roƙonsa, bai canza magana ba. Ban yi musu ba, ban yi kuka a gabansa ba. Na goyi Auta, na yi mata wanka, na yi mata kitso, na koyi ɗinki wurin wata mata ƴar Togo da muke sujada tare. Ranar da aka sa Auta lakkwal ni na ɗinka mata riga, ni na riƙe hannunta har ƙofar ajin da na taɓa zama a ciki. Na dawo gida na shiga bayan ɗaki na daɗe ban fito ba.

Auta ta yi karatu, kuma kanta ya ja. Ta ci jarrabawa bayan jarrabawa, ta tafi Yamai, ta dawo da takardar aikin ungozoma ta likita. Aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Zabori, ta yi aure can da wani malamin lakkwal. Tun daga nan bakin Baba bai huta da sunanta ba. In baƙo ya zo sai ya nuna hotonta da farar riga a jikin bango. In an tashi daga sujada sai ya tsaya a ƙofar majami'a yana ba da labarin matan da ta ceta a kan gwiwa. Ni da nake kai masa abinci safe da yamma, nake wanke masa tufafi, nake raka shi awon jini, ban taɓa jin ya tsayar da wani ya ba shi labarina ba. In ta zo hutu da sukari da sabulu a leda, sai ya sa mata albarka har muryarsa ta dushe. Nakan tsaya a bakin murhu ina murmushi, zuciyata tana cewa da an bar ni, da wannan farar rigar tawa ce. Ban taɓa faɗa masa ba. Ban taɓa faɗa wa Allah ma ba, don a ganina Kirista ta gari ba ta irin wannan tunani, saboda haka na binne shi na ci gaba da waƙa a sahun gaba.

Da daminar wata shekara ciwon Baba ya tashi. Dama yana da hawan jini da ciwon zuciya, mun saba ya kwanta kwana biyu ya miƙe. Wannan karon ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Muka kai shi asibiti, bayan kwana huɗu majo, babban malamin asibitin, ya ja ni gefe ya ce in mayar da tsoho gida, in kuma akwai wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi yau, kada a bari sai gobe. Muna isa gida Baba ya kama hannuna. Na ɗauka zai ce mini wani abu ne, ni da na kwana huɗu a kan tabarma a gindin gadonsa. Sai ya ce in kira masa Auta. Goggo, ƙanwarsa, wadda ita Musulma ce amma ba ta taɓa yanke zumunci da shi ba, tana zaune tana yi masa fifita, ita ma ta ce in hanzarta.

Na fita tsakar gida na kira ta. Ta ɗauka cikin hayaniya, ina jin wata mata tana ihun naƙuda a bayanta, rezo, wato layin wayar, kuma yana yankewa. Ta tambaye ni lafiya. Na ce jikin Baba ne, amma an sallame mu, muna gida. Ta ce yaya yake, ta taho ne? Ga haihuwa biyu a hannunta, ga hanya ta lalace da ruwa, amma in da matsala za ta nemi babur ko ta halin ƙaƙa. Har yau ina iya tuna tsawon shirun da na yi. Kalma huɗu kawai ake bukata, in ce Baba yana kiran ki. Sai na ji bakina yana cewa irin ciwon nan ne da ya saba, ta gama aikinta, ta zo ƙarshen wata. Ta yi mini godiya, ta ce Allah ya saka mini da wahalar da nake yi. Na koma ɗaki na ce musu na gaya mata komai, har abin da majo ya faɗa, ta ce aiki ya yi mata yawa, sai ta samu sarari. Goggo ta ajiye mafici ta riƙe baki. Baba ya juya fuskarsa wajen bango.

Kada mai karatu ya ɗauka ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. So nake sau ɗaya a rayuwata Baba ya duba ya ga wace ce ta tsaya masa. So nake ya kira sunana yadda yake kiran nata. Na gaya wa kaina gobe zan sake kiran ta, in bar shi ya ɗanɗana rashinta na yini guda kawai. Gobe ta zo ban kira ba, jibi ma haka. Kwana uku ya yi, duk kabu-kabu, babur ɗin haya, da ya tsaya a ƙofar gida sai ya ɗaga kai ya ce Auta ce? Ni kuwa in ce ba ita ba ce, Baba, ni ce a nan. A safiya ta huɗu, bayan na ba shi kunu cokali biyu, ya cika a hannuna.

Aka sanar da Auta rasuwar, ta iso da la'asar, taɓo har gwiwa, mun riga mun dawo daga maƙabarta domin jikin bai jure jira ba. Gida cike yake da mutanen majami'a da dangin Baba da maƙwabta. Tana shigowa ta faɗi tana kuka, Goggo ta miƙe ta ce mata ta adana hawayenta, uban da ya kwana uku yana kiran ta ta ce aiki ya fi shi, yanzu kukan me za ta yi masa? Auta ta ɗago ta dube ni, idanunta kamar na yarinyar da na goya. Ta ce, "Yaya, amma ba ki ce mini yana kirana ba." Na ce, a hankali, da muryar nan tawa ta mai haƙuri, "Na faɗa miki, Auta. Hankalinki yana kan masu haihuwa, ba ki saurare ni ba." Na ga shakka ta shiga fuskarta, tana ƙoƙarin tuna wayar, da ihun matar, da yankewar rezo. Bayan kwana uku ta koma, ba wanda ya raka ta bakin hanya.

Shekara shida muka yi haka. Ba mu yi faɗa ba, ba mu zagi juna ba, sai dai zumunci ya bushe. Da farko takan kira, in amsa mata da kalma ɗaya-ɗaya har ta gaji. Ta haifi ɗiya ta aiko mini in zo, na ce ɗinki ya yi mini yawa, kuma na zaɓi wannan kalmar da gangan. Dangi suka juya mata baya, Goggo ta daina ambaton ta. Ni kuwa na samu abin da na daɗe ina nema. Ko'ina aka zauna sai a ce ga ɗiyar albarka, wadda ta riƙe ubanta har ƙarshe. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya yi mini daɗi. Amma daɗin bai taɓa kai ni yamma ba. In wata ta zo shago daga wajen Zabori ta ce ai madam ɗin asibitinsu ƙanwata ce, hannunta akwai albarka, sai tsohon garwashin nan ya sake ruruwa kamar ba a taɓa yi mini yabo ba. Na raba ta da ubanta, na raba ta da danginta, kuma duk da haka ina jin ta fi ni.

A cikin waɗannan shekarun aka zaɓe ni shugabar zumuntar mata. Nakan tsaya gaban mata in koyar da gafara, su kuma su dube ni da tausayi don sun ɗauka da ƙanwata nake. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, sau da yawa nakan roƙi a yi mini addu'a Ubangiji ya ba ni zuciyar gafarta wa Auta. Mata su kewaye ni, su ɗora mini hannu, wasu har da hawaye. Addu'ata ta kaina kuwa ta zama kamar mai magana cikin tulu. Ranar Jibin Ubangiji nakan karɓi gurasar in riƙe ta a hannu har kowa ya gama, in haɗiye ta da ƙyar. Mijina, wanda direban babbar mota ne, ba ya zama sosai, amma ya taɓa ce mini tun rasuwar Baba bai ƙara jin ina waƙa a kan keken ɗinki ba. Na ce masa tsufa ne.

A shekara ta shida aka yi babban taron zumuntar mata na yankinmu a Gaya. Mata suka zo daga Tounouga, daga Dioundiou, har daga ƙetaren kogi. Ni ce mai masaukin baƙi, ina zaune a gaba cikin ankon da na ɗinka da hannuna. A rana ta biyu, da hantsi, aka ba da lokacin shaida. Sai na ga wata mata ta taso daga can baya, ta rame, da goyo a bayanta. Sai da ta zo tsakiya na gane Auta ce. Ban san ta zo ba. Ta karɓi abin magana. Ta ce ita ba shaidar nasara ta kawo ba, tuba ta zo yi. Ta ce shekara shida da suka wuce yayarta ta kira ta ta ce mahaifinsu yana neman ta a bakin mutuwa, ita kuma aiki ya rufe mata kunne har ba ta ji ba. Ta ce da farko ta yi ta gardama a ranta cewa ba a faɗa mata ba, amma ta gane girman kai ne, domin yayar da ta bar karatu saboda ita ba za ta yi mata ƙarya ba. Ta ce tun daga ranar ba ta ƙara karɓar haihuwa ba tare da ta tuna ta bar ubanta ya mutu yana kallon ƙofa ba. Daga nan ta taka har inda nake, ta durƙusa da goyonta a gaban ɗaruruwan mata, ta ce, "Yaya, ki yafe mini. Ke ce uwata."

Majami'a ta ɓarke da kuka da waƙa. Na miƙe na ɗaga ta na rungume ta, na ce na yafe. Ina so ku san abin da ke cikin zuciyata a wannan lokacin, don shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ba nadama ce ta fara zuwa mini ba. Kishi ne. Na dubi yadda mata ke share hawaye suna kallon ta, na ce a raina, ko a tuba ma sai ta fi ni. Wannan tunanin yana gama wucewa sai tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ga yarinya ta ɗauki zunubina ta aza a kanta, tana neman gafarata a kansa, ni kuma ina yi mata hassadar hawayenta. A nan, hannuna a bayanta, na ga kaina yadda Allah yake ganina tun tuni. Ba mai haƙuri ba ce ni. Mai ɗaci ce da ta iya yin shiru.

Duk da haka ban faɗa mata ba a ranar. Ta kwana gidana, ta koma da murna. Sati biyu na yi ba na iya cin abinci, na yanka atamfar wata amarya ba daidai ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Daga ƙarshe na rufe shago da rana tsaka na tafi wurin matar fastonmu, dattijuwa ce da ba ta da yawan magana. Na same ta tana tsince shinkafa. Na faɗa mata komai, tun daga ranar da aka fitar da ni lakkwal. Ba ta yi salati ba, ba ta kuma rarrashe ni ba. Ta ce abin da aka yi mini ina yarinya ciwo ne na gaske, kuma da na kai shi gaban Ubangiji yadda yake, da kuka da fushi da komai, da bai ruɓe a cikina ba. Sannan ta ce Allah yana gafartawa, babu shakka, amma ba ita na yi wa ƙarya ba, don haka faɗa mata bai wanke kowa ba. Na ce in na faɗa wa Auta zan rasa ta karo na biyu. Ta ce mai yiwuwa ne, amma wadda nake da ita yanzu ba ƙanwa ba ce, fursuna ce, kuma mabuɗin yana hannuna.

Na shiga mota zuwa Dioundiou, daga can na hau kabu-kabu ta cikin gonakin rake har ƙauyen. Na tarar da ita ta tashi daga aiki, tana wanke hannu a bakin rijiya. Ta yi tsalle ta tare ni, tana kiran maƙwabta su zo su ga yayarta. Na ce mu shiga ɗaki tukuna. Ban zauna a kujerar da ta ba ni ba, na zauna ƙasa. Na ce mata kunnenta bai taɓa yaudarar ta ba. Na ce a wayar nan ban faɗa mata Baba yana kiran ta ba, ban faɗa mata maganar majo ba, kuma da gangan na yi. Ta tambaye ni don me, da wata ƙaramar murya. Na ce don ina kishin ta tun tana da shekara bakwai. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce shekara shida tana azumi tana roƙon Allah gafarar abin da ba ta yi ba, har ta kai ga ba ta yarda da kunnenta a wurin aiki, sai ta sa a maimaita mata magana sau biyu. Ta ce ta durƙusa mini a gaban duniya na bar ta ta durƙusa. Sannan ta ce in tashi in kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. Ko ruwa ban sha ba a gidan.

Da na dawo na tafi wurin Goggo. Tsohuwar ta saurare ni har ƙarshe, sai ta fashe da kuka ta ce na sa ta zalunci marainiya a ranar da aka binne ubanta, da wane ido za ta dube ta? Kashegari, da ƙafarta mai ciwo, ta sa aka kai ta ƙauyen. Ranar taron zumunta kuma na tsaya gaban matan da suka sha ɗora mini hannu, na faɗa musu gaskiya, na ajiye shugabanci. Wasu suka rungume ni, wasu suka daina kawo mini ɗinki, labari ya zaga unguwa har wurin maƙwabtana. Na koma zama a bencin baya. Abin mamaki, a bencin bayan nan ne na fara yin addu'a ta gaskiya. Na daina gaya wa Allah abin da ya kamata in ji, na fara gaya masa abin da nake ji. Na yi kukan lakkwal ɗina da ban yi ba tun ina yarinya. Na faɗa masa na yi fushi da Baba. Matar fasto ta ba ni aiki ɗaya, kowace safiya in roƙa wa Auta alheri da sunanta, in roƙi a ƙara mata abin da nake kishi. Watannin farko kamar ina tauna tsakuwa.

Wata takwas ba ta neme ni ba, ni ma ban dame ta ba, domin ba ni da hakkin gaggauta ta. Wata ranar kasuwa ina kan keke sai inuwa ta rufe ƙofar shago. Ita ce. Ba ta gaishe ni ba, ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ta ce abu ɗaya ya kawo ta. Tana so in faɗa mata kwana ukun nan duka, kada in rage komai, kada in gyara komai. Na faɗa mata yadda yake ɗaga kai in ya ji babur, da abin da nake amsa masa. Sannan na faɗa mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har matar fasto. A safiyar da zai cika, Goggo ta fita alwala, ya ce mini in Auta ta zo in ce mata bai yi fushi ba, aikin ceton rai take yi, kada ta sa abin a ranta. Na ce mata wannan saƙon ma na haɗiye shi, domin ya ƙona ni cewa ko da ya ɗauka ta ƙi zuwa, uzuri yake nema mata. Auta ta kifa kanta a kan atamfofin mutane ta yi kuka mai sauti, irin wanda aka hana ta yi ranar makoki. Ban taɓa ta ba, don ban san ko ina da izini ba. Da ta gama ta share fuska ta ce, "Ban iya cewa na manta ba, Yaya. Amma na gaji da rashin ƴar'uwa. Na yafe miki, kuma gobe ma sai na sake yafe miki, don abin yana dawowa." Sannan ta ce tun tana yarinya ta san karatunta a kan bayana aka gina shi, kuma duk ranar da Baba ya yabe ta a gabana takan ji kunya, ta rasa yadda za ta faɗa mini.

Yau shekara biyu ke nan. Ba mu koma kamar da ba, kuma gara haka, domin da ɗin ma ƙarya ce. Takan kira ni ranar Lahadi da yamma. Wani lokaci muna cikin hira sai ta yi shiru, in san abin ya dawo mata, in jira. Ba zan ce kishi ya mutu a cikina ba. Kwanan baya aka ƙara mata girma a wurin aiki, da ta faɗa mini na ji ɗan tsinken nan ya soke ni. Bambancin shi ne yanzu na san sunansa. Na ce mata, "Auta, na ji kishi, amma na yi murna, ki ba ni minti ɗaya murnar ta rinjaya." Ta yi dariya har ta ƙware.

Abin da na koya shi ne, girma cikin bangaskiya ba yawan hidima ba ne. Na yi shekaru ina shara da waƙa da koyarwa, alhali ko taki ɗaya ban matsa kusa da Ubangiji ba, domin akwai ɗaki guda a zuciyata da na hana shi shiga. Ina kira ga iyaye, in dole ta sa kuka ɗora wa ɗa ɗaya nauyi don ɗan'uwansa ya ci gaba, ku buɗe baki ku gode masa tun kuna da rai, kada ku ɗauka shirunsa yarda ce. Ina kuma kira ga ire-irena, yayyen da suka sadaukar, waɗanda ake yaba wa haƙuri. Ku binciki haƙurin nan naku. In akwai ɗaci a ƙarƙashinsa, ku fito da shi ku faɗa wa Allah, ku faɗa wa mutum ɗaya mai riƙon amana, tun yana ciwo kawai, kafin ya zama makami. Ni ban tashi da niyyar zama muguwa ba. Shiru na yi na ɗan lokaci a kan waya. Allah ya gafarta mini, ƙanwata ma ta gafarta mini, amma babu gafarar da za ta mayar da ita bakin gadon nan ta riƙe hannun ubanta. In akwai wanda ke jiran wata gaskiya daga bakinka, ɗan'uwa, kada ka gama karanta shafi na gaba kafin ka neme shi.